Kai! Na Bi Kogi Har Gidansu

Kai jama'a! Kai!

Tsaya tukuna, ɗan'uwa. Ajiye abin da ke hannunka, matso nan. Yau sai ka ji labarin nan ko kana so ko ba ka so, don tun da na sauko daga dutsen nan bakina ya ƙi rufuwa.

Ruwa na gani. Ruwa!

Za ka ce to mene ne abin mamaki a ruwa? Haba, ai ba ka gane ba. Ni fa Bakano ne, haifaffen unguwar da ƙarar kurar mai ruwa ke tashin mutane da asuba. Na san kuɗin jarka kamar yadda na san sunana. Na san kogi da rani: yashi ne zalla, tifa na shiga tana ɗiba. Sai ga ni a inda ƙasa ruwa ce, iska ruwa ce, itace ruwa ne, dutse ma in ka dafa shi sai ya jiƙa maka tafi. Na bi kogi da ƙafata kwana da kwanaki, ina hawa yana saukowa, ina hawa yana saukowa, har na kai inda ake haihuwarsa.

Duwatsun Rwenzori ke nan. Yammacin Uganda, a kan iyakar Kwango.

Karatu ne ya kai ni Kampala, kamar sauran 'yan Arewa da ke can. Abokin zamana kuwa Bazazzagi ne, ka kuwa san tsakaninmu da su. Shi ya fara tsokana. "Kai Bakano, in ban da Dala da Goron Dutse, me ka taɓa hawa a rayuwarka?" Na ce, "Bawana, kai da Kufena ce ƙarshen duniyarka har kana da bakin magana?" Wasa-wasa, gardama ta zama alkawari, alkawari ya zama tara kuɗi. Hutun watan Yuli na zuwa muka hau bas, muka bi ta Fort Portal, muka kusa cinye yini a hanya kafin mu sauka Kasese.

Kasese kuwa? Zafi, ƙura, 'yan acaɓa. Kamar gida. Na ɗaga kai na duba yamma na ce, "To ina dutsen?" Babu. Gajimare kawai, tuli guda, ya zauna daram kamar an jibge auduga. Ashe halinsa ke nan, mai ɓuya ne. Turawa masu yawon bincike sun sha wucewa ta gefensa ba su gan shi ba, sai a 1888 Henry Morton Stanley ya hango ƙanƙarar samansa. Su kuwa Bakonzo da ke noman ayaba da kofi a gindinsa, ba su taɓa ɓatar da shi ba balle a gano musu.

Washegari muka isa ƙauyen Nyakalengija, inda mota ke cewa iyakata ke nan. Kimanin mita 1,600 daga doron teku. Aka rubuta sunayenmu, aka haɗa mu da ɗan jagora da 'yan dako, duk Bakonzo. Jagoran dattijo ne, gajere, ƙafafu kamar taɓare. Baba muke ce masa. Ya dubi takalmin da na kashe kuɗi na saya a Kampala, mai igiya, mai kyau, ya yi murmushi. Ya shiga ɗaki ya fito da takalmin ruwa na roba, mai dogon wuya, irin na masu yashe kwata.

Na ce, "Baba, wannan zan sa?"

Ya ce, "Yaro, jibi za ka gode mini."

Jibi? Ai tun a ranar na fara yi masa addu'a!

Jakar goyona na hana a ɗaukar mini, saboda girman kai, kada Bazazzagi ya samu abin faɗa. A ciki akwai buhun barci, rigar ruwa, rigunan sanyi biyu, fitilar goshi, dabino, ƙuli-ƙuli, yaji, da sauran kilishin da Hajiya ta aiko mini. Shi kuma ya goya tantin da muka aro. Muka kama sanduna. Bismillah.

Da farko gonakin ayaba, yara na ɗaga mana hannu. Sai na fara jin wata ƙara. Ruuuu! Kamar tirela goma sun taso a jere. Na ce, "Baba, injin me ake tayarwa?" Ya nuna ƙasa da sanda.

Kogin Mubuku!

Wayyo! Fari fat da kumfa, yana dukan duwatsu, duwatsun kuma kowanne ya kai ɗakin kwana. Baba ya ce kogin ne ya mirgino su daga sama. Ya ba mu labarin ambaliyar watan Mayun 2013 da ta Mayun 2020, lokacin da kogunan dutsen nan suka yi fushi suka kwashe gadoji da gidaje a yankin Kasese. Na kalli ruwan na haɗiye yawu. Wannan ba kogin wanki ba ne.

Sai daji ya haɗiye mu. Haɗiya fa, ba shiga ba. Rana ta ɓace. Kore, kore, kore shar ta ko'ina, sama kore, ƙasa kore, har hasken da ke ratsowa kore ne. Itatuwa dogaye, igiyoyi na reto, ganye kamar faifai, ganye kamar tabarma. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na ruwan farko, amma wannan ba ya gushewa. Birai baƙi-da-fari masu doguwar jela na tsalle can ƙololuwa. Wani tsuntsu ya tashi gabanmu, shuɗi da kore, da ya buɗe fiffike sai ga ja jawur kamar an zuba masa jini a hammata.

Baba ya tsaya cak. Ya nuna wani reshe. Ban ga komai ba. Ya sake nunawa.

Hawainiya. Mai ƙaho uku!

Uku! Na rantse maka! Biyu a goshi, ɗaya a kan hanci, tana tafiyar nan tata ta ƙasaita, ido ɗaya na kallona, ɗaya na kallon Bazazzagi. Na ce, "Bawana, zo ka gaida ƙanwar babanka." Bai ma iya ramawa ba, baki buɗe.

Muka haye rafin Mahoma, daga nan hanya ta miƙe tsaye kamar bango. Hawa, hawa, hawa. Jakar nan ta koma buhun siminti. 'Yan dako kuwa sai su zo su wuce mu fiu, kaya a baya, igiya a goshi, suna hira suna dariya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Da la'asar muka faɗa Nyabitaba, zangon farko, a kan doron wani tudu.

Ka san tsayin wurin? Mita 2,650. Ka san wuri mafi tsayi a duk Najeriya? Chappal Waddi ta jihar Taraba, mita 2,419. Wato a rana ta farko, ranar da Baba ya kira share fage, na riga na kwana a saman duk Najeriya! Na gaya wa Bazazzagi, muka tafa kamar yara.

Akwai ɗakin katako na matafiya, amma mu dai tanti muke ɗoki, muka kafa abinmu. Da za mu yi sallah na fuskanci inda rana ke fitowa, kamar yadda na saba tun ina yaro. Abokina ya duba waya ya fashe da dariya. "Malam, nan gabas ɗinka a arewa take!" Haka ne kuwa. Daga nan Makka kusan arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa mafitar rana. Ikon Allah! Har alƙibla ta juya mini.

Dare ya yi. Duhu na gaske, wanda ko tafinka ba ka gani. Ina cikin buhun barci, na fara lumshe ido, sai wani ihu ya tsage dajin. Ihu irin na mutumin da ake yankawa! Na tashi zaune, na hau karanto duk abin da na haddace. Bazazzagi ya riƙe mini hannu gam, yana cewa, "Ya Shehu! Ya Shehu!" Daga ɗakin katako muka ji dariyar 'yan dako. Rema ce. Rema fa, 'yar abar nan da ba ta fi zomo ba. Ita ke wannan kururuwa a kan itace duk dare.

Rana ta biyu kuwa, ita ce ranar da hankalina ya tashi daga jikina.

Da safe muka gangara zuwa gadar Kurt Shafer, inda kogin Bujuku ke faɗawa cikin Mubuku. Ƙarar wurin ba a magana, sai da hannu. Feshin ruwa na dukan fuska. Daga nan muka bar Mubuku muka bi Bujuku, ƙaninsa. Sai dajin gora, gora zalla, dogaye suna gogar juna suna kuka ƙii-ƙii kamar tsohuwar ƙofa. Sai duwatsu masu santsi, awa da awanni, hannu da ƙafa, gwiwa da gindi. Ruwan sama ya sauko. Ba a ma yi hadari ba, ba a yi iska ba, kawai gajimare ya zo ya zauna a kanmu. Wai kuma rani ne a wurinsu! An ce ma'anar sunan Rwenzori ita ce mai kawo ruwa. Wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.

Can wajen azahar, muka ɗaga kai.

Subhanallah!

Yaya zan kwatanta maka? Ka san gansakukar da ke fitowa a bakin rijiya, 'yar siririya, wadda ake kankarewa? To a nan ita ce sarauniya. Ta rufe komai. Komai! Kowane itace ta naɗe shi da kauri kamar katifa, kore, ruwan ɗorawa, ja kamar lalle, ruwan zuma. Rassa sun karkace sun murɗe kamar hannuwan tsofaffi, daga jikinsu wani farin gemu na zubowa, dogo, yana kaɗawa a cikin hazo. Gemu a kan itace! Dubban dattawa sun tsaya shiru suna kallonka.

Na cusa hannu cikin gansakukar nan, ya nutse har gwiwar hannu ban taɓa itacen ba. Na damƙo na matse. Ruwa ya tsiyayo shaaa, garau, mai sanyi, ya cika mini tafi.

Na tsaya sororo.

Ashe nan ne! Ashe wannan ce rijiyar! Gajimare ya zo ya shafa, gansakuka ta tsotse, ta riƙe, tana saki ɗis, ɗis, ɗis, dare da rana. Ɗigo ya tarar da ɗigo, ya zama zare, zare ya zama rafi, rafi ya zama dodon nan da ke mirgina duwatsu a ƙasa. Duk dajin soso ne guda. Ka saurara, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis, ta dama, ta hagu, ta sama, ta ƙarƙashin ƙafarka. Na matse wata, na sake matse wata, kamar mahaukaci sabon kamu. Baba ya ce, "Ɗan Najeriya, in ka tsaya matse dajin nan, sai baɗi mu kai."

Muka kwana a zangon John Matte, jiƙe sharkaf, safa na rataye kusa da wuta tana hayaƙi. Tuwon masara, wanda suke ce wa posho, da wake. Na barbaɗa yajin Hajiya, 'yan dako suka ɗanɗana, ɗaya ya yi ta tari har da hawaye, sannan ya miƙo kwano a ƙara masa.

Rana ta uku: fadamar Bigo.

Kai, wannan fadama! Ka manta da duk taɓon da ka sani. Fili ne shimfiɗe tsakanin duwatsu, laka baƙa wulik, a cikinta curin ciyawa birjik kamar kawunan mutane. An shimfiɗa katakai a wani sashe, ka yi ta taku kamar ɗan sarki. Inda katako ya ƙare kuwa, sai tsalle daga curi zuwa curi, curin na rawa, sanda na nutsewa. Ina cikin yi wa Bazazzagi dariyar yadda yake tsalle kamar kwaɗo, sai ƙafata ta goce.

Tsundum! Har cinya.

Na ja, ta ƙi. Na sake ja, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Sai da Baba ya zura hannu har kafaɗa ya ciro shi, ya zazzage, ya miƙo mini. Bazazzagi ya zauna a kan curi yana dariya har da riƙe ciki. "Sarkin Dala ya faɗi! A buga tambari!" Zai yi shekara goma yana ba da wannan labari, na sani.

Amma ɗaga kanka ka ga abin da ke tsaye cikin fadamar.

Wasu tsirrai ne, wallahi kamar ba na duniyar nan ba. Wani ya miƙe zanƙal kamar taɓarya, ya fi ni tsawo nesa, jikinsa duk gashi-gashi mai ruwan toka, lobeliya ake ce masa. Wani ƙaramin tsuntsu kore mai sheƙi, mai dogon baki da doguwar jela, yana zagaya shi yana tsotsar furanni. Wani tsiron kuma kamar ka ɗauki kabeji ƙato ka ɗora a kan turmi mai tsawon mutum biyu, uku. Ga su nan tsaye cikin hazo, ɗaruruwa, kamar jama'a sun taru a filin idi. Busassun ganyensa ba sa faɗuwa, sai su lulluɓe jikinsa. Baba ya ce bargonsa ke nan, don a nan kullum da rana bazara ce, kullum da dare hunturu. Tsiro da bargo! Ka taɓa ji?

Daga nan numfashi ya fara gardama. Taku goma, tsayawa. Taku goma, tsayawa. Kai na sara kamar ana daka a ciki. Iskar wurin ba ta ƙosarwa: a kusan mita 4,000, abin da kake shaƙa kimanin kashi 60 ne cikin 100 na wanda ke bakin teku. Dabino ya cece ni, ɗaya bayan ɗaya. Gardamar Kano da Zazzau ta mutu murus, babu mai rarar numfashin tsokana.

Muka hau wani ɗan tudu. Muka zagaya wani dutse.

Ga shi nan.

Tafkin Bujuku.

Baƙi. Baƙi wulik, kwance lumui, ko motsi babu. Duwatsu uku sun kewaye shi, Stanley, Speke da Baker, kawunansu cikin gajimare, ƙafafunsu cikin ruwa. Shiru. Irin shirun da ke sa kunne ƙara. Kogin nan da ya kwana uku yana mana ruri, ga shi yana fita daga bakin tafkin siriri, a hankali, kamar jariri na rarrafe. Zan iya tsallake shi da taku ɗaya. Na durƙusa na sa hannu. Wai! Kamar an sare ni da wuƙa. Na ɗiba na sha duk da haka, haƙora suka amsa, na ji sanyinsa na sauka har cibiya.

Na ce, "Sannu Bujuku. Yau ga ni a gidanku."

Alwala kuwa a wurin nan jarrabawa ce. Bazazzagi ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, "Malam, anya taimama ba ta halatta ba?" Na ce, "To bismillah, nemo mana busasshiyar ƙasa." Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu! Ko tafi ɗaya babu! Dole muka roƙi mai dafa abinci ya ɗuma mana ruwa a tukunya. Shi ma yana ta fama da wakensa, don a wannan tsayi ruwa na tafasa tun zafinsa bai kai digiri 90 ba, sai ya yi ta ɓararraka wake na nan da taurinsa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Riga biyu, hula, safa uku, ina cikin buhu ina karkarwa. Hunturun Jos? Wasan yara ne.

Da asuba Baba ya buga ƙofa. "Ku fito! Ku fito yanzu, kafin ya rufe!"

Na fito da buhun barcin a jikina kamar tsutsa.

Allahu Akbar!

Gajimare ya tafi. Sama tas, wankakkiya. Can sama, sama, inda wuya ke ƙagewa, dutsen Stanley tsaye baƙi ƙirin, a kafaɗarsa kuma wani abu fari fat yana walƙiya. Rana ta taɓa shi. Ya koma ruwan hoda. Ya koma zinariya. Ya koma fari mai kashe ido.

Ƙanƙara! Ƙanƙara a Afirka! Ba ta firij ba, ba ta talabijin ba, ba ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan bazara yara na tsinta ba. Daskararriya, tsohuwa, kwance a kan dutse tun kaka da kakanni, a wurin da bai kai tafiyar kilomita 50 ba daga Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu. Jiya-jiya ina gumi a Kasese!

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Na waiga, Bazazzagi ma na share ido, yana cewa wai iska ce. Wace iska, bawana?

Ƙololuwar can ita ce Margherita, mita 5,109, ta uku a duwatsun Afirka bayan Kilimanjaro da dutsen Kenya. Wani basaraken Italiya, Duke na Abruzzi, shi ya fara taka ta a 1906, ya sa mata sunan tsohuwar sarauniyar ƙasarsu. Amma tun wajen shekara ta 150 Miladiyya, masanin nan Ptolemy na Iskandariya ya rubuta cewa Kogin Nilu na fitowa ne daga wasu duwatsu masu ƙanƙara a tsakiyar Afirka, Duwatsun Wata. Mutane da yawa na ganin waɗannan yake nufi. A gargajiyar Bakonzo kuma can ne mazaunin Kitasamba, abin bautar kakanninsu.

Baba ya nuna wani baƙin dutse tsirara, can ƙasa da farin. Ya ce lokacin da ya fara dako yana saurayi, har nan ƙanƙarar take. Yanzu ta janye, tana ta janyewa. Mafi yawan wadda mai ɗaukar hoto Vittorio Sella ya ɗauka a tafiyar 1906 ta narke, saura ɗan ragowa a manyan kawunan. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin tsohon da ke jinya. Ban sami abin cewa ba.

Minti ashirin, gajimare ya dawo ya ja labule. Shi ke nan.

Mu ba mu hau Margherita ba, kada in yi maka ƙarya. Wannan sai da igiya da takalmin ƙarfe, mu kuwa hangen Dala muka yi. Muka ratsa ta mashigar Scott Elliot, mita 4,372, tsakanin Stanley da Baker. Dutse tsirara, iska mai yanka kunne, bangon Baker a hagu ya tafi sama kamar ba zai ƙare ba. Nan ne mafi tsayin inda ƙafata ta taɓa takawa. Na ce a ɗauke ni hoto, leɓe a fashe, hanci na yoyo, ina dariya kamar wanda ya ci gasar Musabaƙa.

Muka fara gangara. Sai Baba ya ce, "Duba ƙasa."

Biyu! Tafki biyu!

Tagwayen Kitandara, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kwance cikin kwari kamar an ajiye madubai. In Bujuku mai ɓacin rai ne, waɗannan amare ne. Ruwa kore-kore, garau, kana ganin duwatsun ƙasansa ɗaya-ɗaya. Kabejin nan masu turmi sun yi layi a baki suna kallon fuskarsu. Dutse a sama, dutse a cikin ruwa, ka rasa wanne ne na gaske. Na jefa tsakuwa, dutsen ya karye, ya yi rawa, ya sake haɗuwa. Na sake jefawa. Ni da gemuna!

Muka kafa tanti a bakin na ƙasan, duk da Baba ya ce za mu yi nadama. Muka fito da ragowar kilishi, aka dafa shayi, muka zauna da 'yan dako aka raba yanka-yanka. A nan ne Baba ya zana mana taswira a kan laka da tsinke, ya kashe ni da mamaki.

Ruwan Bujuku, in ji shi, gabas yake yi: ya faɗa Mubuku, ya shiga tafkin George, ya bi mashigin Kazinga zuwa tafkin Edward, ya fita ta kogin Semliki. Ruwan Kitandara kuwa yamma yake yi, ya gangara Kwango, shi ma ya faɗa Semliki. Sun rabu a kan dutse ɗaya, kowa ya kama gabansa, sun sake haɗuwa a ƙasa! Daga nan tafkin Albert. Daga nan Nilu. Sudan ta Kudu, Khartoum, Masar, teku.

Na dubi kofin da ke hannuna.

Wato ruwan nan da na wanke fuska da shi, wata rana zai wuce ta Khartoum, wata Bahaushiyar Sudan ta ɗiba ta ɗora tukunya? Wato kogin da aka saka akwatin Annabi Musa a cikinsa, yau ni ne zaune a ɗaya daga cikin kawunansa ina shan shayi? Ni? Ɗan unguwar masu jarka?

Kai! Kai! Kai!

Da dare na leƙo daga tanti. Taurari sun sauko ƙasa-ƙasa, manya-manya, rututu, wasu a sama wasu a cikin tafki. Ba wuta, ba janareto, ba sauro ko ɗaya. Da gari ya waye tantin ya daskare ƙandas, yana ƙara kamar kwano in ka taɓa, takalman da muka bari a waje sun zama itace. Baba ya zo ya tsaya a kanmu da shayi, bai ce komai ba. Murmushin nan dai.

Saukowa ba zan ja ka da nisa ba. Mashigar Freshfield da sassafe, kan dutse mai santsin ƙanƙara. Kogon Bujongolo inda ayarin 1906 suka yi sansani. Zangon Guy Yeoman. Gangaren Kichuchu, inda na sauko rabi da ƙafa rabi da mazaunai. Laka, laka, laka. Muka sake tarar da Mubuku yana ƙara girma, yana ƙara murya, har muka koma Nyabitaba, muka faɗo Nyakalengija a rana ta bakwai, muna wari, gwiwoyi na rawa, farcen babban yatsana ya yi baƙi. An mayar da yankin duwatsun nan gandun daji na ƙasa a 1991, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1994, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, mu kuwa zare ɗaya muka bi a ciki.

Da waya ta samu sabis na kira Hajiya, ina ta zuba kamar kanya. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Yanzu duk kuɗin nan da wahalar nan, ruwa ka je kallo? Da mai ruwa ka ba, ai da mun shekara ba mu saya ba." Na ce, "Hajiya, ƙanƙara fa na gani!" Ta ce, "Allah ya shirye ka. Ka ci abinci?"

To kai da ke karatu a Kampala ko Mbale, kai nake wa magana. Kana zaune, abin nan na bayan gidanka, hutu na zuwa yana wucewa a kan waya. Tashi! Yuni zuwa Agusta, ko Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ne ruwan ke ɗan sassautawa. Nemi abokin da za ku yi ta faɗa a hanya, ka riƙe dabino da yaji, ka sallami 'yan dako da hannu biyu don sun cancanta. Takalmin roba kuma ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya, saboda safa uku za ka sa. Ka yi sauri tun ƙanƙarar na nan.